Anza, Abokiyar Ranar Wuya

Wata ranar Alhamis na tafi duba wata makaranta a ƙasar Maigatari. Da yake ranar kasuwa ce, hanya ta cika da shanu da raƙuma, sai na ratsa ta daji. Lokacin bazara ne, ciyawa ta ƙone, itatuwa sun kaɗe ganye. Amma can kusa da wani suri na hangi wani ɗan itace kore shar, sai ka ce damina ce a wurinsa. Na karyo reshe guda na tafi da shi.

Da na shiga aji, na ɗaga reshen na ce, “Wa ya san wannan?” Yara suka yi tsit. Sai wani tsoho mai gadin makarantar ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, ai anza ce. Ita ta riƙe mu a yunwar 1973 da ta 1984, sa'ad da rumbuna suka zama wayam.” Na ji kunya ƙwarai, gama ni kaina da ƙyar na tuna sunanta. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

To, yara, ga yadda za ku gane ta. Anza ba ta cika girma ba, yawanci ba ta wuce tsawon mutum biyu. Ganyenta kauri gare shi da tauri kamar fata, ba ya kuwa zuba ko da rani. Bayan kaka takan fid da ƙananan furanni a dunƙule, launinsu tsakanin kore da rawaya, suna da ƙamshi. 'Ya'yanta ƙulu-ƙulu ne, kore tun suna ɗanye, in sun nuna wajen farkon damina su koma rawaya. Ana samunta nan ƙasar Gumel, da Damagaram, har Sanagal da Sudan.

Amma ku yi hankali. Ƙwayar da ke cikin ɗan anza ɗaci gare ta, tana kuma da dafi. Kada yaro ya kuskura ya ci ta ɗanya. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, har ɗacin ya fita sarai, sa'an nan a dafa. Haka mutanen Nijar da yawa suka yi a yunwar 2005. Manoma kuma sukan sa ganyenta cikin hatsi don korar ƙwari.

Na yi niyya in shuka ta a gidana. Da fari na tara ƙwayoyin, na shanya su, na ajiye har wata uku. Da na shuka, ko ɗaya ba ta fito ba. Na koma wurin tsohon nan na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, “Malam, irin anza ba ya son ajiya. Ranar da ka tsinko, ranar za ka binne.” Damina ta zagayo, na bi maganarsa. Na shuka su a inda nake so su zauna, domin saiwarta nisa take yi cikin ƙasa, ba ta son a cire ta a dasa. Na kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ba a jima ba sai ga tsiro.

Yau shekara uku ke nan, ba ta kai gwiwata ba tukuna. Ban damu ba, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Saboda haka, in kun je gona kun tarar da anza, ku roƙi iyayenku kada a tumɓuke ta. Ku tambayi kakanninku yadda ake gyara ta tun suna da rai. Ba mu fatan yunwa, Allah Ya kiyashe mu, amma wanda ya san anza ya fi wanda bai san ta ba.