Ƙoramar garinmu ba ta taɓa zuwa Kano ba

Zare ne, kuma da ɗan tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. 🧵

Duk sanda aka tayar da maganar ƙazantar ruwa a Wudil, yatsa ɗaya ake nunawa: Kano. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, da kwatocin birni, suna zubowa kogi su iso mana. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ruwan da 'yan gidanmu suke taɓawa kullum daga wata 'yar ƙorama yake a bayan ƙauyenmu, ita kuwa ko hanyar Kano ba ta sani ba.

Bari na fara da babban, don a gane ƙaramar. Kogin da kuke tsallakewa a gadar Wudil haɗakar biyu ne: Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a yankin Ƙaraye a 1992. Sun haɗe kafin su iso mu. Daga nan sunansa Kogin Haɗeja, ya bi ta dausayin Haɗeja da Nguru, ya faɗa Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Ku tambayi duk wani tsoho a Wudil. Kafin Tiga, da rani kogin nan yashi yake komawa. Ruwan da ake sakowa daga dam ne ya sa yanzu yake gudu shekara a zagaye.

Ƙoramarmu ba ta da dam, ba ta da idon ruwa, ba ta da suna ma. “Rafi” kawai muke ce mata. A taswirar waya sai ka zuƙo hoton sosai kafin ka ga wani siririn layin bishiyoyi yana lanƙwasa ya nufi kogi. Ita ce.

Ni ɗalibin jogirafi ne a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, wadda har yau bakinmu ya fi sabawa da ce mata KUST. Abu na farko da aka cusa mana a kai game da ruwa: kowace ƙorama tana da iyakar ƙasar da take kwashe wa ruwa. Duk abin da aka zubar a cikin iyakar nan, ko ba daɗe ko ba jima, zai gangaro cikinta. Abin da ke waje kuwa ba ruwanta da shi.

Hutun da ya wuce na bi ta da ƙafa tun daga kai har baki. Tafiyar awa biyu da 'yan kai ce. Ga yadda take jere, kuma ku riƙe jerin nan, don shi ne duk labarin.

Kanta a jigawa yake, tsakanin gonakin gero da gyaɗa. Wani ɗan kwari ne da ruwan sama ya zaizaye, yaro ma zai tsallake shi. Daga nan ta faɗaɗa, gaɓarta ta yi zurfi.

Sai mashaya, inda shanu ke sauka. Ranar Alhamis da safiyar Juma'a wurin ba masaka tsinke, saboda garken da ake korowa kasuwar Wudil. Kashi da fitsari, ga kofato ya tattake gaɓa ta zama taɓo.

Ƙasa da nan kaɗan, bayan gari. Bola, da 'yan kurmin sabara inda waɗanda ba su da masai a gida suke zagayawa. Kar kowa ya yi min fuska, mun san wurin, mun san warinsa.

Sai kuma wajen wanki da wankan yara. SANNAN inda mata da yara ke ɗibar ruwa. Sannan fadama da lambuna, sannan bakin da take shiga kogi.

Kun gani? Wurin ɗibar ruwanmu yana ƙasa da shanu, ƙasa da bola, ƙasa da bahaya, ƙasa da kumfar omo. Ba wani kamfani a tsakani. Can wajen baki ne kaɗai, idan kogi ya cika ya tokare ta, ruwan da ya biyo ta Kano yake ɗan shigowa. Sauran duk namu ne.

Kuma a shekara ɗaya kamanni uku take yi.

Da damina ja ce wur, tana gudu da ƙarfi, tana jan leda da kara. Mafi muni ruwan farko, wajen Mayu ko Yuni, don shi ke wanko duk abin da ya taru a ƙasa wata bakwai. Kakata ba ta taɓa jin kalmar bakteriya ba, amma ba ta yarda a ɗebo mata ruwan farko ko don alwala.

Da rani yashi ne zalla da 'yan kududdufai. A nan ake tona rami a tsakiyar yashin, a jira ruwa ya tsattsafo, a riƙa kwasa da ƙoƙo.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta kaka, Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin ta fi kyau. Laka ta kwanta, ruwa garai-garai kana hango 'yan kifi, bado ya yi fure. Irin wanda za ka ɗauka a hoto ka sa a status ka rubuta “ƙauye akwai daɗi”.

A watan Oktoba muka ɗebi samfur uku a safiya ɗaya, ni da wani abokina ɗan sashen nazarin ƙwayoyin cuta: ɗaya daga can sama kusa da gonaki inda ruwan yake a dame, ɗaya daga wurin ɗiba mai garai-garai, ɗaya daga ramin yashi. Muka saka a kula da ƙanƙara, muka hau mashin, don irin wannan samfurin ba ya son kwana.

Gwajin mai sauƙi ne. Akwai wani ruwa mai launin shunayya da ake kira MacConkey. A zuba samfur a cikin jerin 'yan kwalabe, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum kwana ɗaya zuwa biyu. Idan akwai dangin ƙwayoyin da ake samu a hanji, launin zai koma rawaya, iska ta taru a wata 'yar mitsitsiyar kwalba da ke kife a ciki.

Duk ukun sun nuna. Amma wanda kusan duk kwalabensa suka juye rawaya shi ne mai kyan nan, na wurin ɗiba. Na can sama, da ko akuya za ta yi wa kallon raini, ya fi shi dama. Na ramin yashi ya fi su duka sauƙi, don yashi yana tacewa, amma shi ma bai fita ba.

Gwajin ɗalibai ne, ba na hukuma ba, kar wani ya ɗauka ya yi kanun labarai. Amma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a fili yake: ruwan sha, a cikin mililita 100, kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya. Sifili. Ba a ce kaɗan ba.

Da na nuna wa Inna hoton kwalaben sai ta ce, “Kai ɗan nan, ruwan da muka sha muka haife ku? Ai ina sa alif.” Na ce Inna, alif laka yake kwantarwa. Yana jan wasu ƙwayoyin zuwa ƙasa, amma ba ya kashe su. Aikinsa ya share hanya ne, bayansa sai tafasawa, ko a sa sinadarin kulorin a jira minti talatin. Kulorin ɗin ma ba ya aiki sosai a damammen ruwa, shi ya sa alif ke fara shiga.

Ta ce, “To wa zai sayi itacen tafasa ruwan mutum goma sha huɗu kullum?” Na yi shiru. Wannan ba ta cikin handawut.

Ga wanda yake ganin wasa ne: a 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, dubbai suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Babbar hanyarta ita ce bahayan wani ya shiga ruwan wani.

Yanzu abin da ya sa na rubuta zaren nan. Ƙanina, ɗan shekara sha ɗaya, ya yi watanni yana fitsari da jini a ƙarshensa bai gaya wa kowa ba. Abokansa sun ce masa alamar girma ce, duk namiji sai ya yi. Wallahi har manya akwai masu wannan maganar.

Tsargiya ce. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba sai ka sha ruwan ba. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin ya shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Mai wanka, mai wanki, mai su, mai dashen shinkafa.

Dodon koɗin nan ruwa mai kwanciya da ciyayi yake so. Wato daidai ƙoramar kaka, mai bado, mai kyau a hoto.

An kai shi asibiti, aka ba shi praziquantel, jinin ya tsaya. Maganin yana aiki, shi ne ma ake rabawa a makarantu. Amma ba ya hana sake kamuwa. Yaro ya warke, kaka ta zagayo, ya koma iyo, an koma gidan jiya. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara, tana iya taɓa ƙoda, har da kansar mafitsara ana dangantawa da ita.

Wata dabara mai arha: ruwan wanka in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu a baho ko duro, abin da ke huda fatar mutuwa yake. Na wanka fa na ce, ba na sha ba. Matsalar ita ce ka je ka gaya wa ɗan shekara sha ɗaya ya bar iyo ya yi wanka a bokiti.

Fadama kuma nata daban. Tumatir, albasa, attaruhu, kowa da buhun yuriya da jarkar feshi. Takin da shuka ba ta sha ba yana narkewa ya sauka cikin ruwan ƙarƙashin yashi. Iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 ne a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take, tunda ruwan ne ke ƙonewa shi yana nan. Masu wanke tankin feshi a kududdufi kuwa, Allah ya shirye mu.

Ga tifofin yashi. Duk inda suka kwashe, matatar ce suka kwashe. Ramin da da za ka tona kamu biyu ka samu ruwa, yanzu sai ka shige har ƙugu. Ramukan da suke bari kuma su riƙe ruwa har tsakiyar rani, gidan sauro da dodon koɗi kyauta.

Wani zai ce ku sha na burtsatse mana. Akwai tuƙa-tuƙa ɗaya. In tana aiki layi har bakin masallaci, in ta lalace sai an yi karo-karo, kafin kuɗin ya haɗu an koma rafi. Ko tana aiki ma ba mai wanke zannuwan gida guda da ruwan layi.

Abin da ya tsaya min a rai daga bakin Kaka na ji shi. Na zana mata jerin nan a ƙasa da tsinke, ta kalla ta ce, “Ai da ba haka yake ba.” A zamaninsu ramin ruwan sha can sama da gari ake tona shi. Wanki a tsakiya. Shanu a ƙasa, kusa da fadama, nan burtali ya ratsa. Ba wanda ya karanta jogirafi a cikinsu, amma sun jera abin daidai.

Me ya canza? Gari ya faɗaɗa ya haura sama, ya wuce tsohon wurin ɗiba. Gonaki suka cinye burtalin ƙasa kaɗan-kaɗan, kowace damina a ƙara kunya ɗaya, har makiyaya suka rasa hanya suka koma sauka ta sama. Mata kuma suka dawo ɗiba inda ya fi kusa da gida. Ba ranar da aka zauna aka yanke haka. A hankali jerin ya kife.

Shi ya sa nake ganin namu ya fi na kogi sauƙin kamawa. Maganar sinadarin kuromiyom na jima sai gwamnati da masu masana'antu. Namu kuwa duk masu hannu a ciki sahu ɗaya suke sallar Juma'a. A mayar da wurin ɗiba sama da mashaya. A buɗe burtali shanu su koma ƙasa. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga duk rijiya. Ba kwangila a ciki.

Sauƙi a baki dai. Na kai wa Mai Unguwa zanen, ya saurara sosai, ya aika aka kira Arɗo. Arɗo ya ce, “Ranka ya daɗe, mu ma ba son hawan gaɓar nan muke ba, shanu karyewa suke. A ba mu hanyarmu ta da, gobe mu koma.”

Mai Unguwa ya ce a je a duba inda tsohon burtalin ya bi. Muka tafi mu biyar, wani dattijo yana nuna alamu, wannan tsamiyar, wancan dutsen. Gona huɗu ya ratsa. Ta biyu, wadda ta fi cin hanyar, ta Kawuna ce, yayan Inna, wanda ya biya min kuɗin rajista a shekarata ta farko.

Na je gaishe shi da daddare. Ya amsa, ya tambayi karatu, sannan ya ce, “Na ji an ce kai ne mai taswira.” Na ce eh, Kawu. Ya ce a bari a cire amfanin gona tukuna, sai a zauna.

An cire gero, an cire wake. Jiya na kira Inna, ta ce Kawu ya fara kai taki gonar.