Dariyar ƴan tarminal kafin a kira sunaye

Duk shekara, idan zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara haɗowa daga gabas amma ruwa bai kankama ba, akwai wata rana da ba ta cikin takardun da ma'aikatar ilimi ke aika wa makarantu, alhali kuwa duk wanda ya zauna bencin lise ya san da ita. Ita ce ranar da ƴan ajin tarminal ke rufe karatu, su yi ban kwana da juna da kuma malamansu, kafin kowa ya ja gefe ya fuskanci jarrabawar bak. Daga lise Ɗan Baskore ta Maraɗi zuwa Amadu Kuran Daga ta Damagaram, daga Agabba ta Tawa zuwa Isa Korombe ta Yamai, kowane aji da irin salonsa, wasu da shayi da gyaɗa, wasu da alli da tablo kurum. Mai wucewa ta bayan katanga, in ya ji shewa da tafi, sai ya yi zaton sakamako ne ya fito. Ina! Ko zauren jarrabawar ba a shiga ba tukuna.

Dattijo zai ce wannan ai rashin hankali ne, a yi biki kafin a ga amarya. To amma yaran sun fi shi sanin abin da ke jiransu. Shekara 13 ke nan suna bisa hanya, idan ba a maimaita aji ba: shida a firamare, huɗu a kwalej, uku a lise. Ga shi kuma cikin ƴan kwanaki za a auna wannan tafiya duka da ma'auni guda. Wanda ya samu maki 10 bisa 20 ya haye. Wanda ya ɗan gaza kaɗan, a ba shi damar zagaye na biyu, ya sake gwada sa'arsa da zuciya a hannu. Sauran kuwa sai baɗi, in da rabo. Ranar da shugaban juri ya tsaya a farfajiya yana karanto sunaye, ajin da ya shekara yana shan ruwan randa ɗaya ya rabu gida uku ke nan. Daga wannan rana wasan da jiya ke sa dariya ya zama gori. Wanda ya ci yana jin nauyin zuwa gidan wanda ya faɗi, wanda ya faɗi kuwa yana canza hanya in ya hango shi. Saboda haka ne ake gaggauta dariyar, a yi ta tun kowa yana daidai da kowa.

Babban abin da ake jira a ranar shi ne kwaikwayon malamai. Kowane aji yana da gwaninsa, galibi mazaunin bencin baya, wanda makinsa a lissafi bai taɓa tsallake 6 ba, amma Allah ya hore masa kunne da ido. Sai ya ari tabarau, ya rataya tsohuwar jaka, ya shigo yana kaɗa makullin babur, kafin ya buɗe baki an riga an san ko wane ne. Ga mushen lissafi da ke rubutu da dama yana gogewa da hagu, sa'an nan ya juyo ya tambaya ko kowa ya kwafe. Ga mushen tarihi da bai taɓa kai ƙarshen tsarin karatun shekara ba, har ɗalibai ke cewa duniya ta gama yaƙinta na biyu tun 1945, amma a ajinsu har yanzu ana fafatawa. Ga madam ɗin Ingilishi tana fama da ƴan Maraɗi, waɗanda suka ɗauka tunda Jibiya na kusa, ai harshen a jininsu yake. Ga kuma sirbeya da takardar sunaye, mutumin da ya san hanyar kowace ɓarakar katanga fiye da maginin da ya yi ta.

Sai dai duk cikinsu babu wanda ke shan kwaikwayo kamar mushen filo. Dalili a fili yake. Yaro ya taso gidan da ba a musu da babba, ya yi makarantar allo, ya san abin da aka ce masa haka ne to haka ɗin ne. Rana tsaka a ƙarshen karatunsa na lise wani ya shigo da littafin Dekart ya ce a fara da shakka. A ɗaya daga cikin wasannin da aka saba yi, ɗalibi ya koma gida, Alhaji ya tambaye shi me aka koya yau, ya ce an koya musu cewa teburin nan da ake gani mai yiwuwa ba ya nan. Alhaji ya gyara zama ya ce, to madalla, tuwon dare ma mai yiwuwa ba ya nan. Aji ya kwashe da dariya, mushen da kansa yana gefe yana share hawaye. Shi ma dai ɗan wani Alhajin ne ko ɗan wani manomi, kuma ya san cewa nan da ƴan makonni waɗannan masu dariya za su zauna awa huɗu gaban farar takarda, babu mai taimakonsu sai abin da ya bar musu a ka.

Masu iya magana sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. A nan ba wawa ake faɗa wa ba, wanda ake jin nauyi ne. Kunya ba ta barin saurayi ɗan shekara 19 ya tsaya gaban malaminsa ya ce na gode, ko ya ce ka ƙuntata mani. Kwaikwayo na ɗauke masa duka biyun. Malami mai hankali yakan saurara da kyau, domin sufeto bai taɓa rubuta masa rahoton da ya kai wannan gaskiya ba.

Bayan kwaikwayo sai wasiyya. Wanda ke karanta ta shi ne dattijon aji, wato wanda ya fi kowa daɗewa a makarantar, har ana tsokanarsa cewa da shi aka dasa bedin farfajiya. Yakan miƙe da murya irin ta mai rabon gado, ya ce ƴan tarminal, cikin hankalinsu da lafiyarsu, sun bar wa ƙannensu na aji mai bi musu bencin nan mai ƙafa uku da bulon da ke tallafe da shi. Sun bar musu fankar da ba ta juyawa sai ranar da baƙi suka zo. Sun bar musu kuma, da zuciya ɗaya, bashin mai ƙosai.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga masu karatun wannan shafi. A bakin ƙofar kowace lise akwai wata uwa mai kasko, akwai mai tebur, akwai mai dambu ko shinkafa da wake, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba amma sun riƙe sunan kowane yaro da dalolin da ake binsa. Da yawa daga cikin ɗaliban nan ba ƴan gari ba ne. Sun zo daga Dakwaro, daga Tanut, daga Keita, daga ƙauyukan da ko kwalej babu, aka damƙa su hannun mai masauki: wani ɗan kasuwa da ya ba su zaure, wani ma'aikaci da ya ƙara kwano ɗaya bisa albashin da bai ishi iyalinsa ba. Takardar shaidar bak suna ɗaya take ɗauka, amma hannuwan da suka yi ta sun fi goma. Idan yara suka sa bashin ƙosai cikin wasiyya suna dariya, sun sani sarai cewa akwai bashin da ba su da abin biyansa. Masu kirki daga cikinsu kan yi karo-karo a ranar, su je su sauke na ƙosan dai tukuna. Uwar kuwa sau da yawa takan karɓi rabi, ta ce su sayi bik da sauran.

Abin da ke sa wannan tsokana ta wuce lami lafiya shi ne yaran ba su ƙirƙiro ta ba, a gida suka tarar da ita. Aikin gwamnati yana jefa iyaye ko'ina, shi ya sa za a iske ɗan jandarma Bazabarme a Damagaram, ɗiyar malamin asibiti Babarbariya a Tawa, Bafillace da Ba'are a benci guda. Taubasantaka na tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, tsakanin Buzaye da Zabarmawa, kuma dokarta ita ce a faɗa maka, ka rama, kada ka yi fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam. Ƴan lise dai ba su jira hukuma ba. Amma a faɗi gaskiya, ba kullum suke kiyaye dokar ba. Taubashi yana wasa da wanda zai iya ramawa. Idan aka koma kan yaro mai in'ina, ko mai riga ɗaya tun Oktoba, ko yarinyar da ba ta da bakin mayarwa, to an bar wasa an shiga zalunci, kuma irin wannan tabo yakan fi maki daɗewa a zuciya.

Sa'an nan ga kayen tunawa, mai shafi 100 ko 200, da ke zagaya benci benci a makonnin ƙarshe. Kowa da shafinsa: suna, garin haihuwa, laƙabi, abincin da ya fi so, abin da yake fatan zama. A da, wurin adireshi sai a rubuta akwatin gidan waya na ofishin wani kawu, domin yaron ƙauye ba ya da inda wasiƙa za ta same shi. Yau lambar salula ta maye gurbin wannan, hotuna kuma sun koma WhatsApp. Abin da bai canza ba shi ne duba. Kowa sai ya yi wa mai kaye bushara. Mai surutu, lauya. Mai son barci, depite. Mai rowa kuwa an naɗa shi duwan tun yanzu, tare da roƙon ya kau da kai ranar da abokinsa ya iso Ɗan Isa da kaya.

Wanda ya jera irin waɗannan kaye na shekaru daban-daban zai karanta tarihin ƙasa a cikinsu. Ƴan shekarun 1970 da farkon 1980 suna raba wa juna muƙamai da gaba gaɗi, don a lokacin mai bak yana da tabbacin bursu, a jami'ar Yamai ko a waje, kuma aiki na jiransa in ya gama. Daga baya kuɗin uraniyom ya ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi maci a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Taron ƙasa ya zauna daga Yuli zuwa Nuwamba 1991. Yajin aiki ya bi yajin karatu, albashi ya yi ta makara, har aka san abin da ake kira farar shekara, wato a soke shekarar karatu ɗungum kowa ya maimaita. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ƴan tarminal na wancan zamani sun rage naɗa juna minista. Bushararsu ta koma cewa sai mun haɗu a fada, ni ke kawo sukari, kai ka kawo gawayi. Daga 2010 an buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ƙofar karatu ta ƙara faɗi, amma ƙofar aiki ba ta bi ta ba, shi ya sa wasan fada bai tsufa ba har yau.

Bushara kuwa ba kasafai take faɗawa inda aka nufa ba. Gwanin kwaikwayon nan da ya faɗi sau biyu ya koma shagon baffansa, ya koyi hanyar Kano da ta Kwatano, yau shi ke da sito. Wanda ya ci da yabo yana ofis, kuma idan wata ya yi nisa sunansa na cikin littafin bashin wancan, buhun shinkafa ɗaya, sai an biya. Babu abin gori a nan ga kowane ɓangare. Shi mai siton, ranar da takardar haraji ta rikice masa ko ɗansa ya kwanta asibiti, ƙofar wa yake bugawa? Abin da ke sa ɗaya ya roƙi ɗaya ba tare da ya sunkuyar da kai ba shi ne har yanzu yana iya kiransa da laƙabin benci, Sokrat ko Komanda, a gaban yaran shago.

Akan kai wani lokaci a ranar ban kwana da dariya ke yankewa ba tare da an shirya ba. Wani ya ɗauko hoton shekarar farko ta lise, aka shiga ƙirga waɗanda babu. Wannan an kore shi saboda maki. Wannan mai masaukinsa ya tashi daga gari, bai samu wani ba. Wancan ya tafi cirani bai dawo ba. A layin ƴan mata giɓin ya fi yawa, kuma kowa ya san dalili: an ɗaura aure a hutun damina, aka ce za ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Wata ma ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Babu wanda ya iya mayar da wannan abin dariya, ko gwanin bencin baya.

Daga nan sai neman gafara. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Shekara uku a ɗaki ɗaya ba ta rasa kayen da aka ara ba a mayar ba, da sunan da aka kai wa sirbeya, da maganar da ta wuce gona da iri. Sai ka ji ana a yafe ni, a yafe ni, na yafe duniya da lahira, waɗanda suka yi wata shida ba sa ga maciji suna musafaha suna kallon ƙasa. Shugaban aji ya juya wajen malamai ya roƙa a madadin kowa.

Mushen da aka fi kwaikwaya ne kan miƙe a ƙarshe. Ana jiran ya rama, ko ya yi dogon jawabi irin nasa. Yakan ce ya yafe, su ma su yafe masa sifilin da ya raba. Sai ya ɗauki guntun alli ya rubuta a tablo, da dama, ba tare da ya goge da hagu ba: takardar kira, katin shaida, bik biyu, a iso kafin ƙarfe 7.