Wasan Yaƙin Da Dokokinsa Suka Fi Littafin Makaranta Kauri

Na san kin saba ganin rubutuna a kan rigakafi da zazzaɓin yara. Yau wasa na kawo miki, wasan yaƙi ma kuwa, wanda aka ƙirƙira a Amurka tun kafin a haife ni. Kada ki yi saurin wucewa, domin tambayar da ke cikinsa ta shafe ki: ta yaya ake koya wa yaro abu mai wuya ba tare da ya gudu ba?

Sunan wasan Advanced Squad Leader, masu yinsa suna taƙaita shi da ASL. Kamfanin Avalon Hill ne ya fitar da shi a 1985. A kan tebur ake yin sa. Ana shimfiɗa taswira mai gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane gida yana matsayin mita 40, sannan a jera 'yan guntayen kwali da ke wakiltar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. A jikin kowane kwali akwai lambobi uku, misali 4-6-7: ƙarfin wutar bindiga, nisan da take kaiwa, da ƙarfin zuciyar sojojin. Kowane zagaye ya kasu matakai takwas. Littafin dokokinsa kuwa a cikin fayil mai zobba yake zuwa, irin wanda muke ajiye takardu a ofis, don a riƙa cire shafi ana sa sabo. Ki kwatanta da dara, wadda tsoho zai koya wa jikansa a gindin bishiya kafin shayi ya huce.

Ƙanena ne ya jawo mana shi. Shi ma ma'aikacin jinya ne, yana aiki a Ingila, can ya haɗu da masu wasan. Lokacin da ya tafi ɗana na fari yana da shekara tara, kuma tare suke kwana suke tashi. Yanzu yaron yana sha uku, hirarsu ta waya ta koma "Kawu ina wuni, lafiya lau, ga Umma." Abin yana ci wa ƙanena rai, shi ya sa ya nemi abin da za su riƙa yi tare. Sai ya turo wa yaron dokokin gaba ɗaya, da Turanci, cike da gajerun kalmomi na haruffa biyu da uku. Kwana uku yaron yana fama, rana ta huɗu ya ce min, "Umma, ki faɗa wa Kawu ya nemi wani, ni kaina ba ya ja." Wannan maganar ce ta tsaya min a wuya. Yaro ne da dama karatun Turanci mai tsawo yake ba shi wahala, ga jarabawar aji uku na ƙaramar sakandare a gabansa. Ban so ya ƙara samun wata hujja ta cewa shi daƙiƙi ne.

Ni ban san komai game da yaƙi ba, amma na san koyarwa irin ta gefen gado. Idan aka gano ciwon suga a jikin yaro, ba ma zaunar da uwarsa mu karanta mata littafi. Ranar farko ta koyi zuƙo insulin da yin allurar, ta yi a gabana da hannunta. Sai alamomin faɗuwar suga: gumi, rawar jiki, jiri, da abin da za ta ba shi nan take. Lissafin abinci yana biyo baya. Kuma ba na tambayarta "kin gane?", domin kowa "eh" zai ce. Cewa nake ta maimaita min da bakinta, kamar ni ce ban sani ba.

Da na gaya wa ƙanena haka sai ya yi dariya, ya ce ai masu wasan sun riga ni. Uban ASL, wato Squad Leader na John Hill da ya fito a 1977, haka aka tsara littafinsa: ka karanta 'yan shafuka, a ce ka tsaya nan ka buga yaƙin farko a Stalingrad, sannan ka dawo a ƙara maka. Da wasan ya girma ya koma ASL, sai aka tattara dokokin a matsayin kundin dubawa, sabon shiga ya rasa ƙofa. Sai a 2004 kamfanin Multi-Man Publishing, wanda ya karɓi buga wasan, ya fitar da ƙaramin akwatin masu koyo mai suna Starter Kit: sojojin ƙasa kawai, dokoki shafi 12. Manyan bindigogi sai a akwati na biyu, tankoki sai a na uku. Na ce masa to me ya hana ka fara da wannan? Ya ce zumuɗi.

Daga nan muka sake lale. Suka fara da yaƙin farko na ƙaramin akwatin, na wani ƙauye mai suna Vierville a Faransa, a watan Yunin 1944. Na zauna da yaron muka rubuta matakai takwas ɗin da Hausa a kwali guda, layi ɗaya ga kowane mataki: farfaɗo da waɗanda suka tsorata, harbi kafin motsi, motsi, harbin mai tsaro, da sauransu. Muka manna a bango sama da kwamfutar. Dokar da na gindaya wa kawun ita ce sabuwar doka ɗaya tak a kowane zama, kuma kafin a tashi yaron ne zai bayyana ta. Idan ya yi kuskure a tsakiyar wasa a bar shi ya wuce, a gyara bayan an gama zagayen. Babu abin da ke kashe gwiwar mai koyo kamar a riƙa katse shi duk bayan minti ɗaya.

To yaya ake yin wasan tebur tsakanin Ingila da nan? Akwai manhaja kyauta mai suna VASL, wadda wani Rodney Kinney ya rubuta, daga ita ne aka samu babbar manhajar VASSAL da ke ɗauke da ɗaruruwan wasanni. Tana nuna taswirar da kwalayen a allon kwamfuta, tana jefa dayis, tana ja maka zare daga gida zuwa gida don ka ga ko sojanka yana hango abokin gaba ko gini ya tare. Amma ba ta san doka ba. Idan ka motsa soja inda bai kamata ba, ba za ta hana ka ba. Kuma ki sani a kwamfuta take aiki, ba a waya ba. Tsohuwar laftof ɗin abbansu muke amfani da ita.

Akwai wata hanyar da ta fi sauƙi, kuma mun gwada ta. A shafin Board Game Arena akwai Memoir '44, wasan yaƙi mai sauƙi da ya fito a 2004, ana iya yin sa a waya, shafin da kansa yake kiyaye dokoki, ba zai bar ka ka yi abin da bai halatta ba. Ga yaro ɗan shekara tara ko goma, shi zan ba ki shawara. Sai dai na lura ɗana yana danna abin da ya haskaka ne kawai, idan na tambaye shi dalili bai sani ba. Ya tuna min da ɗaliban jinya da suka saba da na'urar awon jini mai batir: ranar da batir ya mutu aka miƙa musu ta hannu, sai ido ya raina fata. A VASL dole ya san dalilin kowane motsi, tunda babu mai riƙe masa hannu. Ni dai na fi son wannan ga mai shekarunsa.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ba dole su hau intanet lokaci guda ba. Manhajar tana naɗe motsin mutum a ɗan ƙaramin fayil, ya tura wa ɗaya, shi kuma ya buɗe ya kalla taki-taki ya mayar da nasa. Ga kawu mai dutin dare da gidan da ake ɗauke wuta, wannan rahama ce, kuma ba ya cin data. Ranar Asabar ce kawai suke haɗuwa kai tsaye suna magana ta WhatsApp, awa ɗaya da rabi, bayan an gama aikin gida.

Na san abubuwa biyu da za ki tambaya a ƙasa. Na farko dayis. Ba a sa ko sisi, kuma da an sa da ban bari ba. Idan zuciyarki ba ta kwanta da wasa mai dayis ba, ki tambayi malaminki kafin ki fara. Abin da zan iya shaida shi ne yaron da ke gudun lissafi ya zo ya same ni a kicin yana bayani cewa dayis biyu suna faɗuwa ta hanya 36, kuma 21 daga ciki suna ba da bakwai ko ƙasa da haka, don haka sojan da ƙarfin zuciyarsa bakwai ne ya fi kusa da tsayawa a kan ya gudu. Ba a aji ya koyo wannan ba.

Na biyu ya fi nauyi: yaƙi abin wasa ne? Na wanke raunin harsashi da hannuna, ba sau ɗaya ba, kuma ba na son ɗana ya ɗauki bindiga abin burgewa. Na zauna na kalli wasanninsu da wannan ido. Babu jini, babu ƙara, kwali ne da lambobi. Abin da ya fi yawa a ciki ma shi ne tsoro: sojoji suna karaya su gudu su ɓuya, sai shugabansu ya je ya lallashe su. Wata rana ya tambaye ni ko waɗannan mutanen sun taɓa rayuwa da gaske. Na ce ƙwarai, har daga ƙasarmu an kwashi samari zuwa Bama a wannan yaƙin, da yawa ba su dawo ba. Ya yi shiru, daga baya na ji yana tambayar kawunsa game da su.

Gargaɗi ɗaya: manhajar tana da zaure inda baƙi daga ko'ina suke neman abokin wasa, galibinsu manya. Ɗana da kawunsa kaɗai yake yi, laftof ɗin kuma a falo take zama.

Watansu biyar ke nan. Sun gama yaƙi huɗu, ya ci ɗaya, kuma kawun ya rantse ba sassauta masa ya yi ba. Tankoki dai na ce sai bayan jarabawa. Idan ke ma kina da yaron da wani abu mai wuya ya kora, ki faɗa min a ƙasa ko mene ne da shekarunsa, zan duba in na sauko daga duti.