Tafiya A Kan Keke Zuwa Kutemeshi: Kufai Iri Biyu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin abin da idona ya gani a ƙasar Birnin Gwari.

Kowa ya san yadda 'yan bindiga suka rufe hanyoyin ƙasar nan shekara da shekaru. To, da Gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya zo aka yi sulhu a watan Nuwamba na 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, sai ni da wani abokina malamin makaranta muka ce bari mu ga ƙauyukan gabas da idonmu. Muka hau kekunanmu cikin hunturun Janairu 2025, da famfo da faci da gorar ruwa, muka bi hanyar Funtuwa.

Mun fara yada zango a Tsohuwar Birnin Gwari, inda garin yake tun asali. Daga nan muka ratse muka shiga daji, doka da kaɗanya da ɗorawa iyakar ganinka. Inda rairayi ya yi yawa sai mu sauka mu tura. Dajin nan ya miƙe yamma har Kamuku, wanda aka keɓe shi gandun En'e a 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe shi a 1999. Girmansa ya fi murabba'in kilomita 1,000.

Kafin mu isa Kutemeshi wani dattijo ya ce, "Samari, ku jingine ƙarafan nan ku biyo ni." Ya hau da mu wani tsauni. Ga duwatsu an jera su zagaye, tushen ɗakuna ke nan. Ga guraben niƙa sun lotsa cikin fā, ga katangar tukwane barjat, ga kukoki manya. Ya nuna mana wani kogo, ya ce nan mutanen dā ke yanka kafin a sha sabon hatsi. Na ce, "Baba, su wane ne?" Ya ce kakansa ya san sunansu, ubansa ya san rabi, shi kuwa wurin kaɗai ya sani.

Irin waɗannan kufai suna da yawa a ƙasar Gwari da Kamuku, domin tsoron mahara ya sa mutane zama kan tsaunuka. Mafi shahara shi ne na Kuyambana a Jihar Zamfara, mai ganuwa kewaye da dutse, wanda Nijeriya ta miƙa sunansa ga UNESCO a 1995. Can ba mu je ba, don ba a shiga dajinsa da keke.

Amma kufan da suka fi tayar mini da hankali na ƙasan tsauni ne. Mun wuce ƙauyuka rumbuna a ƙone, rijiyoyi sun cike, makaranta ba rufi. A Kutemeshi kanta an kashe mutum 14 rana ɗaya a Fabrairu 2021. Mun tarar waɗansu sun komo suna gyaran danga, waɗansu kuwa suna birni, ba su da niyyar komowa.

Jama'a, ku duba. Na kan tsauni sai da aka yi kaka da jika kafin sunansu ya ɓace. Na ƙasa kuwa, in aka yi sake, shekara 20 ta isa, domin tsofaffin da suka san tarihi sun warwatse, suna mutuwa a garuruwan da ba nasu ba.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta da akawuna, kowa ya sami littafi ya zauna gaban dattijon ƙauyensu, ya rubuta sunan gari, da wanda ya sare shi, da jerin masu gari, da shekarar da aka tashi. A kai wa fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari a ajiye. Malamai kada su ƙi rubuta wuraren tsafi, domin sanin inda kakanni suka fito ba bin addininsu ba ne.

Wanda zai bi sawunmu ya nemi iznin mai gari, ya ɗauki ɗan jagora, kada ya yarda magariba ta same shi a daji. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Birnin Gwari.