Agogon Malesiya a Kasuwar Tudun Wada

Sau biyu ina tashin ɗana daga barci ƙarfe huɗu na asuba. Ni a nan Zariya na idar da sallar isha, na kwantar da ƙannensa, ƙarfe tara ta yi, sai na ga babu lokacin hira kamar wannan. Shi kuwa yana Kuala Lumpur yana karatu, sun riga mu da awa 7. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Da abokinsa zai zo hutu dai sai ya ba shi agogon hannu ya kawo mini, Seiko mai hannu huɗu. Na gane saƙon.

Na adana shi cikin akwati saboda kada ya ƙuje. Bayan kwana uku na buɗe, na tarar ya tsaya cak. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san daga kuɗin abincinsa yaron nan ya tsakura.

Ranar Asabar na hau Keke Napep daga cikin birni, muka fita ta Ƙofar Doka muka nufi Tudun Wada. Wadda ba ta san Zariya ba, unguwar tana tsakanin ganuwar birni da Sabon Gari, kogin Kubanni ne ya raba ta da Sabon Garin. Tun zamanin Turawa nan ne masaukin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, har yau kuma da wuya ki zauna a shago ba ki ji ana maganar "gida" ba, wani Katsina, wani Barno, wani Bidda. Ga ɗaliban Kongo suna ta kai da kawo da takardu a hammata. Sai da na tambayi mutum uku kafin a nuna mini mai gyaran agogo, don yanzu masu gyaran waya sun cinye bakin titi. Na same shi a rakuɓe tsakanin mai atamfa da mai robobi, dattijo, da ɗan teburinsa mai gilashi.

Na ce, "Baba, batir za a sa mini."

Ya juya bayan agogon ya yi dariya. "Hajiya, wannan ba ya cin batir. Hannunki yake ci."

Ta gilashin bayan ya nuna mini wani ƙarfe mai kamar rabin wata yana lilo. Duk motsin da hannu ya yi, ƙarfen zai juya ya ɗaure sifirin da ke ciki. In aka ajiye agogon, abin da ya tara ba ya kai shi kwana biyu cikakku, kamar awa 40. Ashe ni na kashe shi da tattali.

Ya kama ɗan maɓallin gefe, bai ja shi ba, ya murza gaba a hankali kamar sau 30, hannun daƙiƙa ya tashi. Wani ke nan. Ya ja maɓallin har ƙarshe ya saita lokacinmu, ƙarfe 11 na safe. Sannan ya mai da shi tsakiya: murzawa ta wannan gefe tana canja kwanan wata, ta ɗaya gefen tana tsallakar da jan hannun nan na huɗu awa ɗaya ɗaya. Shi wannan hannu sau ɗaya yake zagaye a yini, yana bin lambobi 1 zuwa 24 na bakin agogon, shi ya sa ba ya haɗa miki dare da rana. Ya tsayar da shi a kan 18. Wato ɗana yana shirin magariba ni ko azahar ban yi ba. Matuƙan jirgin sama aka fara yi wa irinsa, in ji shi, kuma gaskiyarsa: Rolex ta fitar da GMT-Master a shekarun 1950 saboda matuƙan kamfanin Pan Am.

Ya ja mini kunne a kan abu biyu. Kada in taɓa kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran ciki suna tsaka da juya shi da kansu. Kuma in cire shi in zan yi daka. Wanke-wanke da shara, ya ce, su ne abincinsa.

Na san wata za ta ce ai waya ma tana nuna lokacin kowace ƙasa. Haka ne, amma sai kin tuna kin duba, ni kuwa mantuwar ce ciwona. Mai 'yar'uwa a Makka, awa biyu za ki ƙara, ba ya canjawa. Ingila ce mai rikici: da damina lokacinmu ɗaya, da hunturu suna bayanmu da awa guda.

Bai karɓi ko sisi ba, wai bai gyara komai ba. Na saya masa goro. A hanyar komawa, daidai Ƙofar Doka, jan hannun ya kusa 19, na kira. Bugu biyu ya ɗauka, da cokali a bakinsa.