Kwalekwalen Kawu ya hau tudu

Zuwa ga aminina,

Ya sanyi, ya aiki, ya kuma haƙuri da rashinmu? Ya yaran da karatu? Mu nan Bungudu sai godiya, kaka ta yi kyau daidai gwargwado, gero da dawa sun shigo gida, ga wanda ya samu ikon zuwa gonarsa ke nan, ka dai san halin da dajinmu yake ciki, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Hotunan da ka turo na bakin tafkin Ontario sun iso, na kuma daɗe ina kallon jiragen nan da aka jera a tudu, kowanne an naɗe shi da farar leda tun daga kai har gindi. Na karanta wa Kawu mai fito bayaninka kaf, yadda maƙwabcinka yake fitar da jirginsa mai ƙyallen iska daga ruwa a watan Oktoba, ya kwance ƙyallen ya wanke ya shanya ya ninke, ya zuƙe duk ruwan da ke cikin inji ya ɗura maganin hana daskarewa, da yadda matarsa ta zauna a gida ta ɗinka wa jirgin sabuwar riga don ta kanti ta yi tsada. Da na gaya masa ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, har ya fasa ƙarfen inji daga ciki, sai tsohon ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah, su sanyi ke fasa musu, mu fari." To ka ji dalilin wannan doguwar wasiƙa, don abin da maƙwabcinka yake yi a can shi muka gama yi a nan, kuma na san za ka so jin labarin kwalekwalen da ya sha fitar da mu ƙetare cin rake muna yara.

Ka san halin gulbinmu. Daga wajen Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya biyo ta nan, ya je ya taru a madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, kafin ya wuce Sakkwato ya haɗu da Rima. A watan Agusta ba mai tunkararsa da ƙafa, sai da mai fito. To amma da zarar iskar hunturu ta kaɗa a Nuwamba sai ya fara janyewa, yau ka ga tsibirin yashi, gobe ka ga yara suna ƙwallo a inda jiya ake tuƙi, sai kwalekwale ya zama ba shi da aikin yi har ruwan Yuni. Wannan zaman banzan shi ne ke kashe jirgi. Iskar nan mai busar da leɓe tana tsotse danshin katako, allunan su tsuke, haɗin da ke tsakaninsu ya buɗe, jikin itacen ya dare kamar faso a diddige, ga gara tana jira daga ƙasa, ga ƙusa tana sakin jiki a raminta.

Kawu ya ce a zamanin mahaifinsa ba a wannan wahala. Kwalekwalen sassaƙa ne na maɗaci ko kawo, itace guda, kuma in ruwa ya janye sai a kai shi gurbi mai zurfi, a loda masa duwatsu a nutsar, ya yi rani a cikin ruwa, rana ba ta gan shi ba, gara ba ta kai gare shi ba. Yanzu manyan maɗatan da za a sassaƙa sun ƙare a dajinmu, sai na katako da kafinta ke haɗawa, guraben kuma masu noman rani sun kafa musu injin ban ruwa, kafin bazara sai taɓo. Ban ga laifinsu ba, albasa da tumatir ɗin nan su ke riƙe da gidaje da yawa, amma dai dabarar kakanni ta tafi tare da ruwan.

To sai muka tara samari aka jawo shi zuwa gindin tsamiyar nan ta bayan gidan Kawu, ka tuna ta. An kankare gansakuka da laka tun yana da danshi, don in ta bushe sai da wuƙa. An kifa shi a kan duwatsu da tsofaffin tayoyi yadda ba inda katako ya taɓa ƙasa, an barbaɗa toka a ƙarƙashi, an shafe shi da baƙin mai ciki da waje. Ni da karambanina na ce a narka kwalta a toshe haɗin gaba ɗaya a huta, Kawu ya hana. Ya ce in ka cusa tsumma da kwalta a haɗi lokacin da katako ya tsuke, ran da ya sha ruwa ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya banƙare ko ya tuge ƙusa. Toshiya sai dab da damina, bayan an kwara masa ruwa ya kwana biyu ya koma jikinsa, sannan a ga ainihin inda yake yoyo. Tsohon nan ko alif bai sani ba a boko, amma na tabbata da za a haɗa shi da maƙwabcinka da tafinta, sai dare ya raba su.

Saura rufi, kuma nan ne labarin ya shigo gidana. Tamfol ɗin bara, irin shuɗin nan na roba, rana ta cinye shi, in ka taɓa sai ya marmashe a hannu. Baƙar leda kuwa Kawu ba ya son ko ganinta, ya ce dafa jirgi take yi, ta tara zafi da rana, ta tara gumi da dare. Abin da yake so shi ne tamfol na zare, mai kauri, irin na rufin manyan motoci na da, wanda iska ke ratsawa, in kuma ruwa ya taɓa shi zaren ya kumbura ya toshe kansa. Na shiga kasuwar Gusau na samo na hannu, ɓalle-ɓalle, wani da tabon mai, wani da ramin ɓera, na ɗauro a bayan mashin. A hanya ina ta tunanin abin haushin, wai a ƙasar da tun 1929 jirgin ƙasa ya kai Ƙaura Namoda yana kwasar auduga da gyaɗa, Gusau kuma a da tana da injin gurzar auduga da masaƙa tata ta kanta, yau sai ka yi yawo kafin ka sami ƙyallen auduga mai kauri, shi ma kwance. Bari dai in bar wannan, kar in ɓata maka rai.

Masu ɗinkin tamfol sun faɗi kuɗin da ya kusa kuɗin tamfol ɗin kansa, sai uwargida ta ce a kawo mata. Na ce keken naki na Butterfly da aka saba da atamfa da kayan makaranta? Ta ce in dai zan riƙe mata, ba ruwana da sauran. Wallahi da ka ga tsakar gidanmu ran nan da ka yi dariya. An fito da keke ƙarƙashin darbejiya, an shimfiɗa tabarmi, ni ina gaba ina karɓa, babban yaronmu yana baya yana ɗauke nauyin, don in tamfol ya rinjayi keke sai allura ta lanƙwashe ta karye. Ta sa allura lamba 18, da zaren roba mai kauri irin na masu ɗinkin kujerar mota, ta ce zaren auduga ruɓewa yake yi kafin ƙyallen ya tsufa. Ta buɗe tazarar ɗinkin har ƙarshe, wai in ramukan allura suka yi kusa da juna, nan ne ƙyalle zai yage. Kafin kowane layi sai ta goga kyandir a kan hanyar da allura za ta bi, in ta zo wuri mai kauri ta ɗauke ƙafa ta juya keken da hannu, a hankali, tana cije leɓe, kana jin ƙas, ƙas, allura tana huda.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗin. Ba ta haɗa baki da baki ba, ɗora ɗaya ta yi a kan ɗaya da faɗin yatsu uku, na sama ya rufe na ƙasa, ta bi da layi biyu, saboda in ruwan farko ya zo ba shiri ya gangara ya wuce, kada ya sami bakin shiga. Ta yi kalmasa mai faɗi ta zura igiya a ciki. Kusurwoyin kuwa, inda ninki ya kai huɗu, keke ya ce shi kam a kai kasuwa, to nan aka koma ga basilla. Kakin zuma da na sayo a Tsafe ran da muka je ɗaurin aure, ranar da hazo ya rufe Dutsen Kwatarkwashi har ba ka ganin kansa daga titi, shi aka murza wa zare, ni da Kawu muka zauna muna huda muna ja irin na dukawa. Ta ƙi yarda a buga zoben ƙarfe, ta ce tsatsa zai yi ya ci ƙyallen, sai ta yanka tsohon bel ɗin kujerar mota ta yi hannuwan ɗauri. Yatsuna har yau ba su daina zogi ba, ita kuma ta ce ladan ɗinkinta turmin atamfa ne kafin Sallah, ba ragi.

Mun gicciya gwangwala a sama, muka yafa tamfol ɗin ya sauko gefe da gefe bai taɓa jikin jirgin ba, aka bar gaba da baya a buɗe don iska ta wuce, aka ɗaure da turaku. Filafilai da gwangwalar tuƙi suna rataye a zauren Kawu. Yanzu rigimarmu da awaki ce, sun gano inuwa.

Wasu a majalisa suna mana dariya, wai duk wannan hidima a kan tsohon kwalekwale. Ni kuwa tun abin da ya faru a Gummi a Satumbar 2024, da kwalekwale ya kife da manoma suna hanyar gona aka rasa rayuka masu yawa, Allah Ya jiƙansu, na daina ganin abin a matsayin wasa. Duk sanda irin wannan ta auku sai ka ji an ce lodi ya yi yawa, ba rigar kariya, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma ban taɓa jin an tambayi inda jirgi ya yi rani ba. Jirgin da ya yi wata shida a rana a kan yashi, aka zo ran da gulbi ya kawo aka liƙa masa kwalta cikin gaggawa mutane na tsaye suna jira, ai ko mutum biyar ya ɗauka akwai magana. Masu fito talakawa ne, kuɗin fito bai taka kara ya karya ba, kuma lokacin da ya kamata a kashe wa jirgi kuɗi shi ne lokacin da ba ya kawo ko sisi. Da masu rabon rigunan kariya za su riƙa leƙowa a watan Disamba da tamfol da ƙusa da kwalta, da sun ga aiki.

Af, kafin in manta, uwargida ta ce ka tambayar mata matar maƙwabcin nan naka wace irin allura take sawa, da irin zaren da rana ba ta ci. In da mai zuwa gida, ka saƙo mata ko fakiti ɗaya, don tun da aka ga na Kawu, mai shayin bakin tasha ya aiko a auna masa rumfa, wani kuma yana son rufin amalanke. Kawu ya ce in gaya maka in ka zo da damina fito kyauta ne, amma kai za ka riƙe gwangwala, ya ga ko hannun bai manta ba.

Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka gaida duk 'yan gida da ke wajenku. Kowa a nan yana gaishe ka.

Naka har kullum,
abokinka na Bungudu