Tanar roba a Dam ɗin Shagari

A watan Maris, idan ƙasar Bodinga ta bushe ta yi tauri, tana kan nutse can ƙasa, mutum ya yi ta haƙa bai samu ko ɗaya ba. Wannan ne ya dami wani malamin makaranta mai ritaya, wanda likita ya ce ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali saboda hawan jini. Fatsa ya zaɓa. Kowace Asabar yakan hau babur ya bi titin Tambuwal har Dam ɗin Shagari, ya zauna jiran karfasa.

Da ɗansa ya dawo daga karatu a Amurka, sai ya kawo masa tsarabar tanar roba, irin wadda Nick Creme ya fara ƙerawa a jihar Ohio a 1949. Tana da laushi da sheƙi, ba ta ruɓewa, ba ta sanin rani. Malam ya ɗauka wahala ta ƙare. Asabar uku a jere ya koma gida da jaka wayam, masunta na kallonsa suna murmushi, abin da ya fi rashin kifin yi masa ciwo.

Wani tsohon masunci ne ya karɓi robar, ya jujjuya ta, ya shinshina.

"Malam, ka taɓa duba bakin karfasa kuwa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Matsalar ke nan. An yi wannan tana ne don kifi mai faffaɗan baki da ke haɗiye abinci gaba ɗaya. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan ƙwari. Tsinka take yi. Sai ta ja wutsiyar robar ta saki, ba ta kai ga ƙugiya ba.

Malam ya sa reza ya rage tanar zuwa tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ya tsaga wutsiyar biyu don ta riƙa motsi ko ruwa na kwance. Ya koma ga ƙaramar ƙugiya da ɗan ƙwayar dalma. Masu sheƙin da suka fi burge shi a takarda su ne suka fi rashin amfani, domin a gurɓataccen ruwa baƙa da ja mai duhu sun fi fitowa. Maganar ƙamshi ta tsohon ce: a jiƙa robar cikin ruwan busasshen kifi ta kwana, a watsa dusa a wurin kafin a jefa.

Asabar ta biyar ya kama karfasa shida. Da yamma uwargida na gyara su, ta ciro guntun baƙar roba daga cikin ɗaya, ta ajiye masa a kan faranti ba ta ce komai ba. Tun daga ranar yakan ƙirga guntayen cikin gwangwani kafin ya fita, ya sake ƙirgawa a bakin ruwa kafin ya tayar da babur.